Jiragen Japan Da Ba A Gani Ba: Jita-Jitar Da Ta Shekara Sittin A Gaɓar Ostireliya

Tun ina yaro nake jin labarin Japanawa, tun kafin in san cewa su ne suka ƙera rediyon mahaifina da babur ɗin malaminmu. A unguwarmu akwai wani tsohon soja, ɗaya daga cikin dubban 'yan Arewa da Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa yaƙin Bama a ƙarƙashin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Idan an idar da sallar lisha muka kewaye shi a dakalin ƙofar gidansa, hirarsa ba ta wuce sojan Japan, wanda a cewarsa kana jin harbinsa amma ba ka ganinsa, kuma yana iya kwana uku a kan bishiya ko tari bai yi ba. Mu yara sai muka ɗauke shi wani jinsin aljani. Ban taɓa zaton zan sake cin karo da wannan aljani ba, sai da neman ilimi ya kai ni birnin Perth da ke yammacin ƙasar Ostireliya, inda na tarar su nasu aljanin a cikin ruwa yake.

Dattijon da na yi haya a gidansa ya yi ƙuruciyarsa ne a wata gonar kiwon tumaki can arewa da garin Carnarvon. Ya sha rantse mini cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan sukan lallaɓo cikin dare su shiga lungunan gaɓar teku, su ɗebi ruwan sha, wani lokacin ma su yanka tumakin mutane, kuma wai har gobe akwai wanda ke maƙale a cikin laka, gwamnati ta san wurin ta yi gum. Na tambaye shi ko ya gani da idonsa. Ya ce shi dai bai gani ba, amma kawunsa ya taɓa ganin sawun takalmi a kan rairayi, irin mai raba babban yatsa da sauran yatsu, wanda aka san sojan Japan da shi. Na yi dariya a zuci, na ce zancen gizo ba ya wuce ƙoƙi. Daga baya da na zauna na bi diddigin al'amarin, sai dariyar ta ragu. Abin da na fahimta shi ne, wannan jita-jita ta yi tsawon rai ne saboda rabinta gaskiya ce, sauran rabin kuma shirun hukuma ne ya raine ta, kuma babu abin da ya iya kashe ta sai ranar da aka nutsa ƙasan teku aka duba.

Sai mai karatu ya san yanayin wurin kafin ya yanke wa mutanen hukunci. Ostireliya ta ninka Nijeriya sau takwas a faɗin ƙasa, amma a 1942 mutanenta ba su wuce miliyan bakwai da 'yan kai ba, kuma akasarinsu suna cunkushe ne a biranen kudu maso gabas. Arewaci da arewa maso yammacin ƙasar kuwa, mutum na iya bin gaɓar teku ɗaruruwan kilomitoci bai ga hayaƙin gida ba, sai duwatsu da kurmin bakin ruwa da kadoji. Ƙari a kan haka, babu baƙon da ya san wannan gaɓa kamar Japanawa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 su ne gwanayen nutso a sana'ar haƙo kwanson lu'ulu'u a garin Broome, inda maƙabartarsu ke ɗauke da gawarwakin mutum sama da 900, da dama daga cikinsu waɗanda nutson ya kashe. Da yaƙi ya ɓarke a Disambar 1941 aka tattara su aka tsare a sansanoni, amma kowa ya san cewa sanin mashigai da wuraren ruwan daɗi ya riga ya isa Japan tun tuni. To, mutumin da ke zaune shi kaɗai da iyalinsa a gonar da maƙwabcinsa mafi kusa ke nesa da tafiyar yini, idan ya hango wani baƙin abu ya taso daga ruwa da magariba, me kake so ya ce ya gani?

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Jiragen sun zo, ba ƙarya ba ne. A watan Fabrairun 1942 wani jirgin ƙarƙashin ruwa mai lamba I-25 ya iso ɗauke da ɗan ƙaramin jirgin sama da ake kwance shi a adana a cikinsa, matuƙinsa Nobuo Fujita ya tashi ya yi shawagi a kan Sydney, sannan Melbourne, sannan Hobart, ya koma lafiya. Shi ne kuma a Satumbar wannan shekara ya jefa bam a dajin jihar Oregon ta Amurka. A daren 31 ga Mayun 1942 wasu ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa guda uku, kowanne da mutum biyu a ciki, suka kutsa tashar jiragen ruwa ta Sydney. Ɗaya ya maƙale a ragar ƙarfe da aka gitta a mashigar, mutanensa suka tarwatsa kansu. Na biyu aka yi masa ruwan bama-bamai, su ma nasa mutanen suka kashe kansu. Na ukun, wanda ake kira M24, ya auna babban jirgin yaƙin Amurka mai suna Chicago da tofido, wato bam ɗin nan mai gudu a cikin ruwa, ya kuskure, makamin ya fashe a ƙarƙashin wani tsohon jirgin fito mai suna Kuttabul da sojojin ruwa ke kwana a ciki, mutum 21 suka mutu. Mako guda bayan haka aka harba harsasan igwa daga teku zuwa unguwannin gabashin Sydney da garin Newcastle. A Janairun 1943 wani jirgin, I-165, ya yi wa ƙauyen Port Gregory na gaɓar yamma irin wannan harbi, ko da yake bai taɓa kowa ba. Mafi muni shi ne na 14 ga Mayun 1943, lokacin da aka nutsar da jirgin asibiti mai suna Centaur a gaɓar Queensland, yana tafe da fitilunsa a kunne da alamar jar kuros a jikinsa. Cikin mutum 332 da ke ciki, 268 suka halaka, kuma cikin ma'aikatan jinya mata 12 guda ɗaya ce ta tsira, Ellen Savage. Japan ta musanta a lokacin, sai a 1979 littafin tarihin yaƙi na hukumarta ya nuna cewa aikin I-177 ne. A jimlace, jiragen ruwa kimanin 30 ne aka nutsar ta wannan hanya a ruwan Ostireliya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle.

Shi M24 ɗin nan, bayan ya yi ɓarnarsa ya fice daga tashar, sai ya ɓace ɓat. Shekara 64 ana nemansa, ana ta kai wa rundunar ruwa rahoton an gan shi nan, an gan shi can, har wasu na cewa mutanensa biyu sun fito tudu sun saje da jama'a. A 2005 wani shirin talabijin ya yi shelar ya gano shi, aka je aka duba aka ga rairayi ne kawai. Sai a Nuwambar 2006 wasu masu nutso don nishaɗi su bakwai suka yi kiciɓis da shi a zurfin mita 54, kilomita biyar kacal daga bakin ruwan da mutanen arewacin Sydney ke wanka kullum. Alamu sun nuna cewa mutanen biyu ba su taɓa fita daga cikinsa ba.

Yanzu bari mu zo kan hukuma, domin a ganina a nan ne gizo ke saƙar. A ranar 19 ga Fabrairun 1942 jiragen saman Japan 188 suka far wa garin Darwin da safe, wani ayarin ya biyo baya da rana. Aƙalla mutum 235 suka mutu. Sanarwar farko da ta fito a jaridu cewa ta yi 17. Kowa a Darwin ya ga gawawwaki a bakin ruwa, kowa ya iya ƙirga, saboda haka daga ranar duk wanda ya tsere kudu ya tafi ne da labari biyu: abin da ya gani, da kuma cewa gwamnati tana ɓoye wa mutane gaskiya. An naɗa alƙali Charles Lowe ya yi bincike, ya kuma yi, amma rahotonsa bai fito fili ba sai 1945. Sakamakon haka, har yau akwai masu cewa waɗanda suka mutu a Darwin sun kai dubu, alhali masana tarihi sun bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ba su sami hakan ba. Na yarda cewa a lokacin yaƙi akwai dalilin tace labarai, kada a karya wa jama'a gwiwa, kada kuma a ba maƙiyi labari kyauta. Sai dai bashi ne aka ci, kuma an shekara sittin ana biyan kuɗin ruwansa, domin hukumar da aka taɓa kamawa ta mayar da 235 zuwa 17, duk ranar da ta ce babu wani jirgi a lungun kaza, mutane ji suke kamar ta ce akwai.

A kusa da Darwin ɗin ma akwai jirgin da ke kwance da gaske. Wata guda kafin harin sama, a ranar 20 ga Janairun 1942, wani ɗan ƙaramin jirgin yaƙin Ostireliya mai suna Deloraine ya nutsar da I-124, jirgin dasa nakiyoyin ruwa, da mutum 80 a cikinsa, babu wanda ya fita. Masu nutso na rundunar Amurka sun sauka kansa a kwanakin da suka biyo baya amma ba su shiga ciki ba. Daga nan aka ja bakin jaka aka tsuke, jama'a kuwa suka cike gurbin da abin da ransu ya ba su. Aka ce an shiga an kwaso littattafan sirrin rundunar Japan, wai da su ne Amurka ta ci yaƙin Midway. Aka ce jiragen biyu ne ko uku, wanda wannan ma yana da tushe, tunda su kansu sojojin da farko sun ɗauka fiye da ɗaya suka nutsar. Sannan aka ce cikinsa maƙare yake da zaiba mai tsadar gaske. Biri ya yi kama da mutum, domin jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da ke zuwa Japan a ƙarshen yaƙin sun riƙa ɗaukar zaiba, kuma ɗaya daga cikinsu, U-864, yana kwance a gaɓar Norway da sama da tan 60 nata, ya zame wa ƙasar alaƙaƙai. Amma shi I-124 daga yankin da Japan ke iko ya fito don dasa nakiya, ba fatauci ya zo ba.

Da 'yan kasuwar tsince-tsincen teku suka sake gano shi a 1972, sai rigima ta tashi: masu son sayar da shi, masu barazanar fasa shi, ga kuma gwamnatin Japan na cewa kabarin mutanenta ne, a bar su su huta. Wannan taƙaddama na cikin abubuwan da suka sa majalisar Ostireliya ta yi dokar kare tsofaffin jiragen da suka nutse a 1976, aka shata masa iyakar da ba a shiga sai da izini. Binciken da masana suka yi daga baya bai sami wata zaiba ba, kuma jirgin yana nan a rufe da mutanensa. A 2017 aka kafa allon tunawa da su a bakin ruwan Darwin, a shekarar da ta biyo baya kuma Firayim Ministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya ziyarci garin.

Abin mamaki, cikin ɗaruruwan labaran saukar Japanawa a doron ƙasar, wanda takardu suka tabbatar guda ɗaya ne, kuma shi ba wanda ya gan shi balle ya yaɗa. A Janairun 1944 wani hafsa mai suna Mizuno ya taso daga Kupang a tsibirin Timor cikin ɗan jirgin kamun kifi mai suna Hiyoshi Maru, tare da 'yan tsirarun Japanawa da wasu mutanen Timor da aka sa su yi shigar masunta. Suka sauka a York Sound da ke yankin Kimberley, suka yi yawo a daji suna neman sansanin da aka ce Amurka na ginawa, ba su ga kowa ba sai tokar wutar da wasu suka hura, suka kwana suka juya. Jirgin katako ne, ba na ƙarƙashin ruwa ba. Batun mamaye ƙasar gaba ɗaya kuwa, tun a Maris ɗin 1942 manyan hafsoshin Tokyo suka ajiye shi, domin sojan ƙasa sun ce ba su da rundunoni da jiragen dakon da aikin ke buƙata.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai. Waɗanda suka fi kowa sanin abin da ke shiga da fita a wannan gaɓa su ne baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar, waɗanda a lokacin ko a ƙidayar jama'a ba a lissafa su yadda ya kamata. Sojan Japan na farko da aka kama a ƙasar Ostireliya, matuƙin jirgin sama Hajime Toyoshima, wani ɗan ƙabilar Tiwi ne mai suna Matthias Ulungura ya kama shi a tsibirin Melville. A yankin Arnhem kuma, a 1932 'yan ƙabilar Yolngu sun kashe masuntan Japan biyar a Caledon Bay, aka ɗaure uku daga cikinsu. Shekara goma ba ta cika ba sai ga masanin al'adu Donald Thomson, wanda shi ya yi fafutukar sakinsu, ya dawo da umarnin gwamnati yana ɗaukar mutanen nan aikin sintiri, ana ce musu yanzu in sun ga Bajapane su kashe. Su kimanin 50 ne, ladansu taba, kuma sai a 1992 aka ba su lambobin yabo da haƙƙinsu, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya san yadda aka sallami tsofaffin sojojinmu na Bama ba zai ji wannan baƙon labari ba.

Amma uwar jita-jitar duka, wadda dattijon mai gidana ke faɗa muryarsa na rawa, ita ce ta jirgin yaƙi mai suna Sydney. Wannan jirgi shi ne abin alfaharin ƙasar. A Yulin 1940 ya taka muhimmiyar rawa wajen nutsar da jirgin yaƙin Italiya Bartolomeo Colleoni a tekun Bahar Rum, da ya dawo gida aka yi masa tarbar sarauta. A yammacin 19 ga Nuwambar 1941, yana kan hanyar komawa Fremantle bayan ya raka wani jirgin dakon sojoji, sai ya haɗu da wani jirgin 'yan kasuwa mai tutar Holan da ya ce sunansa Straat Malakka. Ashe Kormoran ne, jirgin farmakin Jamus da ya ɓoye igwoginsa a bayan allunan ƙarfe. Kyaftin Joseph Burnett ya matso da Sydney har tazararsu ba ta kai kilomita biyu ba, yana tambayar alamar sirri. Kwamandan Jamusawan, Theodor Detmers, bai san alamar ba, sai ya sauke tutar Holan ya ɗaga ta Jamus ya buɗe wuta. Cikin kusan rabin sa'a jiragen biyu suka yi wa juna illar da ba ta gyaruwa. Jamusawa suka bar nasu cikin kwale-kwalen ceto, sama da 300 suka tsira, wasunsu ma har suka kai gaɓa arewa da Carnarvon, yankin su mai gidana. Daga Sydney kuwa, cikin mutum 645 ko ɗaya bai dawo ba.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin uwar ɗaya daga cikin yaran nan. An ce mata jirgin kasuwa da aka ɗaura wa bindigogi ya cinye zakaran rundunar ruwa. An ce maƙiya sun tsira da ɗaruruwansu, nata ɗan ko hularsa ba a gani ba. Shaidun abin da ya faru kaf ɗinsu maƙiyan ne. Ba a fara neman jirgin ba sai bayan kwana biyar, wani babban jirgin fasinja mai suna Aquitania da ya tsinci wasu Jamusawan ma bai buɗe rediyonsa ya faɗa ba sai bayan kwanaki, saboda dokar yin shiru a teku. Firayim Minista John Curtin bai sanar da ƙasa ba sai ƙarshen watan, alhali raɗe-raɗin ya riga ya gama gari. Sannan kwana 18 bayan faɗan, Japan ta kai hari Pearl Harbour. Ai ko ba a faɗa ba zuciya za ta haɗa lissafin da kanta: akwai hannu na uku.

Wanda ya ba wannan zato jiki shi ne Michael Montgomery, ɗan hafsan da ke kula da taswirar jirgin, wanda shi ma ya mutu a ciki. A littafinsa na 1981 ya kawo cewa jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ne ya ƙarasa Sydney, kuma tunda a lokacin Japan ba ta shiga yaƙin ba, sai aka bi waɗanda suka tsira aka harbe don kada a bar shaida, hukumomi kuma suka rufa. Barbara Winter ta mayar masa da martani da nata littafin a 1984, ta warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin majalisar tarayya ya zauna daga 1997 zuwa 1999 bai sami wata shaida ba. Takardun rundunar Japan sun nuna inda jiragenta suke a wannan mako, suna shirin Hawaii da Malaya. Duk wannan bai hana komai ba, domin duk takardar da aka fito da ita sai a ce ai ta ainihin an ƙone ta. Ni a nawa ganin, abin da ya fi yi wa mutane ɗaci shi ne amincewa cewa kyaftin ɗinsu ya yi kuskuren matsowa kusa, kuskure irin na ɗan Adam, na minti kaɗan. Ɗora laifin a kan wani ɓoyayyen maƙiyi ya fi sauƙin haɗiya, kuma ba na ganin laifin maraya idan ya zaɓi wannan.

Yadda aka warware ƙullin shi ne ya fi burge ni. Tun 1941 Jamusawan da aka yi wa tambayoyi sun faɗi inda aka yi faɗan, wajen digiri 26 kudu da 111 gabas. Shi Detmers ma ya rubuta labarin faɗan a asirce lokacin da yake tsare, ta hanyar ɗiga ɗigon fensir a ƙarƙashin haruffan wani ƙamus. Ba a yarda da su ba saboda maƙiya ne. Sai wasu malaman nazarin tunanin ɗan Adam biyu, Kim Kirsner da John Dunn, suka tattara bayanan fursunonin kusan 70, waɗanda suka saɓa wa juna, suka jera su kamar yadda malamanmu ke gwada ruwayoyi don gano asalin lafazi. Hujjarsu ita ce, labarin da aka ƙitsa da gangan yakan fito iri ɗaya a bakin kowa, amma na gaskiya da ya bi ta bakuna yakan lalace ta hanyoyin da aka sani: wani ya manta lamba, wani ya juya ta, wani ya cike da abin da ya ji. Da suka bi saɓanin a baya-baya, sai ya kai su wuri guda a taswira. A Maris ɗin 2008 wani ƙwararren mai neman jiragen da suka nutse, David Mearns, ya fita da na'urar da ke aika sauti ƙasan teku ta saurari amsa-kuwwarsa. Ranar 12 ga wata ya sami Kormoran, kimanin kilomita biyar daga inda malaman nan biyu suka nuna. Ranar 16 ya sami Sydney, kilomita 21 daga nan, a zurfin mita 2,468, kimanin kilomita 200 daga gaɓa. Ashe maƙiyan gaskiya suka faɗa tun ranar farko.

Gani ya kori ji. Hotunan da aka ɗauko sun nuna raunukan manyan harsasan igwa aƙalla 87, masu faɗin santimita 15, daidai da igwogin Kormoran, da kuma ramin tofido a gaban jirgin, inda Jamusawan suka ce sun same shi. Ɗakin da kyaftin da hafsoshinsa ke tsayawa ya ragargaje tun a harbin farko, kwale-kwalen ceto sun farfashe ko sun ƙone, daga ƙarshe goshin jirgin ya ɓalle ya nutse cikin gaggawa da dare. Wanda ya faɗa ruwa a nan, babu kwale-kwale, ba a kuma fara nemansa ba sai bayan kwana biyar, ba ya buƙatar wani ya harbe shi. Kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Terence Cole ya fitar da rahoto mai juzu'i uku a 2009, ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, bai sami ko ƙwayar shaidar hannun Japan ba. A Disambar wannan shekara Mearns ya gano Centaur ma, wanda shi kam jirgin Japan ne ya nutsar da shi.

Na kai wa dattijona wannan bayani duka wata rana muna shan shayi a bayan gida. Ya saurare ni har na gama, ya ce to na Sydney ya yarda, tunda an gani, amma sawun da kawunsa ya gani fa? Ban ba shi amsa ba, don ban ga amfanin raba tsoho da kawunsa ba.

Kafin in baro ƙasar na yi tafiyar kilomita 400 da ɗoriya daga Perth zuwa Geraldton, inda aka gina wa mutanen Sydney wurin tunawa a kan tudu: wata ƙubba da aka haɗa da siffar tsuntsayen teku 645 na ƙarfe, da mutum-mutumin wata mata riƙe da hularta tana duban ruwa. A maƙabartar sojoji ta garin akwai kabarin mutum ɗaya tilo da teku ta mayar. A ranar 6 ga Fabrairun 1942 aka tsinci gawarsa a kan wani kwale-kwalen ceto kusa da tsibirin Christmas, aka binne shi cikin gaggawa ba suna, makonni kaɗan kafin Japan ta mamaye tsibirin, kabarin ya ɓace. A 2006 aka gano shi aka tono, aka sami ɗan guntun ƙarfe a ƙoƙon kansa. Nan take aka ce ga harsashin da aka harbe shi da shi, amma da aka auna ƙarfen sai ya zama ɓarɓashin harsashin igwa irin na Jamus. Aka sake binne shi a Geraldton a 2008. Lokacin da na tsaya a kansa allon bai ɗauke da suna ba. Sai a ranar 19 ga Nuwambar 2021, shekara 80 cif bayan faɗan, gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa Thomas Welsby Clark ne, ɗan shekara 21 daga birnin Brisbane. Sauran 644 suna can inda jirginsu yake.